Ajiyar Ruwan Sama a Ƙarƙashin Ƙasa

 Ina gaishe ku, mutanen Safana da Runka da Zakka, da na Batsari da Ruma da Wagini, da dukan ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu. 

Yau maganarmu a kan ruwa ce. Kun san yadda ƙasarmu ta ke. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwa ya kan sauka har ya rushe katanga, ya cika kududdufai, ya hana mota shiga ƙauye. Amma kafin bazara ta yi nisa sai ka ga rijiyoyi sun ja baya, mata sun yi layi tun asuba, guga na fitowa da laka. Ƙasarmu ta duwatsu ce, sau da yawa mai haƙa rijiya ya kan ci karo da fa kafin ya kai ga ruwa. Ga madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, amma mutumin ƙauye ba ya iya zuwa can da tulu. A shekarun nan kuma na rashin kwanciyar hankali, tura yara da mata rafi mai nisa ya zama abin fargaba.

Saboda haka waɗansu magidanta suka fara haƙa rami a tsakar gida, su gina shi da bulo da siminti, su jawo ruwan rufin kwano ya zuba ciki, su ajiye shi domin rani. Wannan shi ne tankin ƙasa. Da yawa cikinku kun tambaye ni a ɗakin shan magani, ko ruwan irin wannan tanki yana da kyau a sha. Amsa ita ce, ruwan sama sa'ad da ya ke saukowa ya fi ruwan tafki da na kududdufi tsabta nesa ba kusa ba. Abin da ke ɓata shi yana tsakanin rufi da bakin mai sha. Shi za mu bi daki-daki.

Dabara ce ta tun da

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne. Kakanninmu fataken goro, waɗanda su kan kora jakuna da kanwa da tufafi zuwa Gwanja, sun san shi. Babbar kasuwarsu a can ita ce Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Garin ba ya bakin babban kogi, ga shi kuwa baƙi sun cika shi. Sai mutane suka dinga fasa marmara suna haƙa ramuka, ruwan damina na taruwa ciki, har a ke yi wa garin kirari da mai rijiya dubu. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar, amma har yanzu a kan nuna wa baƙo waɗansu ramukan. Sai dai ruwan da ke shiga cikinsu ya bi ta kan ƙasa ne, ya kwaso abin da ya kwaso. Ƙasar nan kuwa ta daɗe tana fama da kurkunu.

A ƙasar Larabawa kuma, Zubaida matar Halifa Haruna Rashidu, wadda ta rasu a 831, ta kashe dukiya mai yawa wajen gina wuraren tara ruwan sama da rijiyoyi a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka. Har yau da sunanta a ke kiran hanyar. A birnin Santambul akwai wani tanki a ƙarƙashin ƙasa wanda aka gina a 532, ginshiƙai 336 ke riƙe da rufinsa, ko da ya ke shi daga nesa a ke jawo masa ruwa.

A Ingila ma, kafin famfo ya kai ko'ina, manyan gidajen masu ƙasa da ke karkara su kan gina tanki na jan bulo a ƙarƙashin tsakar gida. Ruwan rufi duka ya bi bututu ya faɗa ciki, a riƙa jawo shi da famfon hannu. Sun fi son sa wajen wanki, domin ruwan sama ya fi ruwan rijiya kama sabulu. Amma sun yi wani kuskure. Da dalma su ke yin bututun da yawa, ruwan sama kuwa ya kan ci dalma kaɗan-kaɗan, mai shansa ya yi ta shan guba bai sani ba. Mu nan mun san sharrin dalma, tun da a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabtanmu Zamfara, a ƙauyukan da a ke niƙa dutsen zinariya cikin gida.

Ni kaina a makarantar mishan da na yi akwai irin wannan tanki a bayan wani tsohon gida, tun na zamanin Turawa. Kowace shekara kafin ruwan fari a kan sa mu share rufi da kwashe ganyen da ya cika gata. A lokacin muna ganin wahala ce kawai a ke ba mu. Sai da na koyi aikin lafiya na gane dalili.

Kun gani ke nan, mutanen da sun san tara ruwa. Abin da ba su sani ba shi ne ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mu da Allah ya sa muka sani, sai mu ɗauki dabararsu mu gyara inda suka kasa.

Ruwa nawa rufi ke bayarwa

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Ma'aikatan awon ruwan sama da milimita su ke aunawa. In ruwa milimita 1 ya sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, ya ba da lita 1.

To, mu ce ɗakunanka na kwano tsawonsu mita 10 ne, faɗinsu mita 5. In ka ninka, 50 ke nan. Mu ce kuma ruwan shekara ya kai milimita 600, wanda ba abin mamaki ba ne a wajenmu. 50 sau 600 ya ba da lita 30,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda wanda ke fantsama da wanda za a zubar da gangan, saura lita 24,000. Da jarka mai lita 25, jarka 960 ke nan. Duk wannan daga kan ɗakinka ya ke zuba kowace shekara, ya bi ta rariya ya tafi, sa'an nan da bazara ka sa hannu a aljihu ka biya 'yan ga-ruwa.

Nawa ne kuma gida ke bukata? In ku takwas ne, kowa aka ba shi lita 5 a yini domin sha da girki kaɗai, lita 40 ke nan. Rani da bazara mu ce wata bakwai, watau kwana 210. Jimla lita 8,400. Rami zagayayye mai faɗin mita biyu da rabi daga ciki, da zurfin mita 2, yana ɗaukar kusan lita 10,000. Ashe tanki ɗaya matsakaici ya isa ya fid da gida daga rani, muddin an bar wanki da wanka da shayar da dabbobi ga rijiya ko tafki.

Ba kowane rufi ne ya dace ba. Kwano shi ne gaba. Ruwan jinka ya kan fito da launi da wari, na soro kuma da laka ya ke saukowa ta indararo. Waɗannan a tara su dabam domin wanki ko kwaɓa ƙasa. Rufin da aka shafa wa tsohon fenti yana ɓarewa, shi ma kada a sha ruwansa, domin waɗansu fentin da dalma cikinsu.

Ƙofofin da cuta ke shiga

Ƙofa ta farko ita ce rufi. Wata bakwai yana shan ƙurar hunturu. Tantabaru da ƙadangaru da jemagu sun yi kashi a kai, wani lokaci har da mataccen ɓera cikin gata. Ruwan fari duk shi zai wanko.

Ta biyu ita ce bakin tanki. In bakin daidai ya ke da ƙasa, ruwan da ya malalo ta turken awaki, da inda yara ke tsugunawa, ciki zai faɗa.

Ta uku ita ce tsaga a jikin ginin. Wannan ita ce mugunya, domin tana ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani. Tsagar da ruwa ke fita ta ciki da rani, ta nan ruwan masai ke shigowa da damina. A birnin Landan a 1854 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma a unguwa ɗaya. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambaya, ya tarar kusan dukansu daga famfo ɗaya su ke sha. Ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona, sai aka ga ramin ƙazanta na wani gida yana dab da rijiyar, yana yoyo ciki. Mutanen unguwar kuwa yabon ruwan nan su ke yi saboda daɗinsa.

Ta huɗu ita ce guga da igiya. Gugan da aka yar a ƙasa, kaji suka taka, yaro ya ja shi ta cikin taɓo, in aka jefa shi ciki ya ɓata ruwan wata bakwai gaba ɗaya.

Cututtukan da ke bin waɗannan ƙofofi kun san su: gudawa, da atuni, da zazzaɓin taifot, da shawara irin wadda a ke ɗauka ta ruwa, da amai da gudawa. Ita wannan ta ƙarshe ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta bazu a 1971, tun daga nan ba ta bar mu ba. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina na cikin inda ta yi ɓarna.

Abin da na gani a wani gida

Wata shekara cikin watan Agusta aka kawo mini yara uku daga gida ɗaya, duka da gudawa da amai. Biyu manya muka samu kansu. Ƙaramar, wadda ba ta daɗe da yaye ba, an yi jinkirin kawo ta, idanunta sun riga sun faɗa, fatar cikinta in ka ja ba ta komawa. Muka yi iyakar ƙoƙarinmu, kafin a samo motar da za ta kai ta babban asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan kwana uku na je gaisuwa. Maigidan mutum ne mai tsabta da ƙoƙari, ba ya barin iyalinsa su sha ruwan tafki. Ya sayar da buhunan gero ya gina tanki don ya hutar da su. Ya ce mini, "Malam, ruwan sama mu ke sha, wanda Allah ya saukar. Ta ina cuta za ta shiga?" Na roƙe shi ya nuna mini. Muka je. Bakin tankin daidai da ƙasa, an rufe shi da guntun kwano da dutse a kai. Turken awaki na sama da shi, gangaren tsakar gidan kuwa wajensa ya nufa. Masai bai fi taki goma daga wurin ba. Ya ɗebo ruwan cikin kwano ya miƙo mini, garau kamar hawaye, ga sanyi. Na ce masa, "Alhaji, ido ba ya ganin abin da ke ciki. Ka dubi inda ruwan tsakar gidanka ke bi in an yi ruwa." Ya tsaya ya duba, ya daɗe bai ce kome ba.

Rai na Allah ne, ba mai ƙara wa wani kwana. Amma an umurce mu mu yi namu. Mutumin nan ya kwashe ruwan duka, ya ɗaga bakin tankin, ya mai da turke da masai bayan gida. Yanzu shi ke nuna wa maƙwabta yadda a ke yi. Na ba ku labarin nan ne don kada wani ya koya ta hanyar da shi ya koya.

Yadda za a gina

Na ɗaya, zaɓi wuri. A nemi inda ya fi tudu a gidan, sama da masai da kwatami da turke da juji. Tsakaninsa da masai a bar mita 30, watau kamar ƙafa 100, in fili ya yarda. In gidan ƙarami ne ba za a sami haka ba, gara tankin roba a kan dakali. A nisanci manyan itatuwa irin su dalbejiya, domin saiwarsu na bin danshi ta fasa gini. Kada kuma a haƙa dab da harsashin ɗaki.

Na biyu, siffa. Zagayayyen rami ya fi mai kusurwa huɗu ƙarfi, domin a kusurwa tsaga ta kan fara. A zuba daɓen kankare a ƙasa, a ɗora bulo mai kyau, a yi shafe daga ciki da awo ɗaya na siminti da awo uku na yashi mai tsabta. A riƙa yayyafa wa shafen ruwa aƙalla kwana bakwai kada ya bushe da sauri. Birkilan da ya ce zai rage muku siminti don sauƙi, ba sauƙi ya yi muku ba.

Na uku, baki. Ginin ya taso sama da ƙasa kamar tsawon gwiwa. A rufe shi da murfin kankare mai rodi, a bar ƙofa ƙarama wadda mutum ɗaya zai iya shiga, a yi mata marfin ƙarfe da kwaɗo. A yi daɓe kewaye da shi mai gangarawa waje.

Na huɗu, hanyar ruwa. A sa gata a bakin kwano, bututu ya ɗauko ruwan. Inda bututun zai shiga tanki a sa raga mai ƙananan idanu. A bar wani ɗan bututu kusa da sama inda ruwa zai fita in tanki ya cika, shi ma a ɗaure masa raga. Bututun da ke kawo ruwa kuwa a yi shi yadda za a iya kau da bakinsa gefe.

Na biyar, ɗiba. Famfon hannu ya fi kome, domin ba a buɗe marfi. In babu hali, a keɓe guga ɗaya da igiya ɗaya, a rataye su a maƙali, kada su taɓa ƙasa, kada kuma a ba da aronsu.

In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku tuna rufin masallaci da na makaranta da na ɗakin shan magani sun fi na kowane gida faɗi. Unguwa na iya haɗa kuɗin siminti, samari su yi gayyar haƙa, a ɗora wa wani dattijo riƙon makulli.

Kiwon tanki

Kafin ruwan fari, a hau a share rufi, a kwashe gata, a sare rassan da suka rufo kwano. Kada a riƙa shanya kaya ko jefa tsofaffin takalma da batura a kan rufin da a ke shan ruwansa.

Ruwan fari da na biyu a kau da bututu, a bar su su wanke kwano. Bayan haka, duk sa'ad da aka yi kwanaki ba a yi ruwa ba, a zubar da jarka biyu ko uku na farko tukuna, sa'an nan a mai da bututu. A ɗora wa mutum ɗaya a gidan wannan aiki, domin aikin kowa ba na kowa ba ne.

Marfi ya zauna a rufe. Haske ke sa gansakuka ta tsiro. Sauro kuma in ya sami ƙofa zai yi ƙwai, cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Irin sauron da ke kawo baƙon dauro ban ce ba, shi ba ruwansa da sauro. Amma wanda ke kawo zazzaɓin shawara ya fi son ruwa mai tsabta da ke ajiye cikin gida. In kun leƙa kun ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, raga ta yage ko marfi bai zauna ba.

Don gane ko akwai tsaga, a zura sanda mai tsabta da yamma a yi alama inda ruwa ya tsaya, a kulle, kada kowa ya ɗiba, a sake aunawa da safe. In ya ragu, yana yoyo. In kuwa da damina kun ga ya ƙaru alhali bututu na gefe, ko ruwan ya sake launi ko wari, to ruwan ƙasa na shiga. A daina sha nan take sai an gyara.

Sau ɗaya a shekara, ƙarshen bazara sa'ad da ruwa ya yi ƙasa, a kwashe lakar gindi, a goge bango, a liƙe tsaga, a ɗauraye.

Haɗari biyu

Na farko, yara. Ramin da ke da ruwa mita 2 ya isa ya cinye babba, balle yaro. Yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, kafin a farga an makara. Kwaɗo ya zauna a kulle kullum, makulli a hannun babba. Tsohon tankin da aka daina aiki da shi, irin waɗanda a kan tarar a tsofaffin gidajen gwamnati, ko dai a rufe shi da kankare ko a cike shi da ƙasa.

Na biyu, gurɓatacciyar iska. Ramin da ya daɗe a rufe, da ruɓaɓɓen ganye a gindinsa, iskarsa ta kan lalace. Mai shiga ba zai ji warin kome ba, sai jiri, sai faɗuwa. Abin baƙin ciki, ɗan'uwansa ya kan yi tsalle ya bi shi, a fid da gawa biyu. Masu haƙa rijiya sun san wannan tun da, shi ya sa su kan zura fitila mai wuta. In ta mutu, ba shiga. Ku yi haka. A buɗe marfi tun jiya ya sha iska. Mai shiga a ɗaura masa igiya a ƙirji, ƙarfafa biyu na riƙe da ita a sama. In ya yi shiru, a jawo shi, kada a bi shi. Kada ko kusa a sauke injin jan ruwa mai fetur ko janareta cikin rami ko dab da bakinsa, hayaƙinsa kisa ya ke yi ba sallama.

Daga tanki zuwa baki

Yanzu ga uwargida. Ko tanki ya yi kyau, aiki bai ƙare ba sai ruwa ya shiga ciki lafiya. Randa ta zauna da murfi, a wanke ta a kai a kai. A keɓe moɗa mai dogon hannu domin ɗiba kaɗai, a zuba a kofi dabam a sha. Kada wanda ya sha ya mai da kofin cikin randa. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, da bayan wanke wa yaro, da kafin taɓa abinci.

Ruwan da za a ba jinjirin da ya wuce wata shida, da marar lafiya, da dukan gida in ana annoba, a tafasa shi har ya yi ta ɓalɓala na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe. Jinjirin da bai kai wata shida ba kuwa, nonon uwa ya ishe shi, ko ana zafi. In itace ya yi wuya, akwai maganin kulorin na ruwa da na ƙwaya, irin su WaterGuard da Aquatabs. A bi awon da aka rubuta a jiki, ko a tambaye mu, a jira minti 30 kafin a sha. Alif da garin ƙwayar zogale su kan kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba. Bayan su sai a tafasa ko a sa kulorin.

In duk da haka gudawa ta kama wani, kada a jira. A haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti cikin ruwa mai tsabta yadda aka rubuta. In babu, a sami lita 1 na tafasasshen ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba yaro nono, a kama hanyar ɗakin shan magani ana ba shi a hanya. In kashin ya zama kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko dare ne a taho.

Kada wani ya ce waɗannan 'yan ƙananan abubuwa ba su da tasiri. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi daidai lokacin noma. Da aka ƙidaya a 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 masu shi a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi aka yaƙe shi, tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna shiga ƙauyuka suna jan hankalin mutane. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. Matan ƙauye da ƙyallen tacewa sun taka rawa a wannan aiki.

To jama'a, wanda ke da niyyar gina tanki bana, ya zo ɗakin shan magani ko ya ga duba-gari kafin ya sa magirbi a ƙasa, mu je mu duba wurin tare. Ba a biyan ko kwabo. Wanda kuma ya riga ya gina, in ya koma gida yau ya duba abu uku: ina masai ya ke, ina ruwan tsakar gida ke bi, kuma marfin a kulle ya ke? Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuriya.